Awon Kaurin Tantanin Ido: Abin da Na Gani a Ɗakin Gwaji

Tantanin nan garai-garai da ke gaban ido, wanda haske ke ratsawa kafin ya shiga ciki, kaurinsa a tsakiya rabin milimita ne da 'yan kai, wajen mikron 540 (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Fatarsa ta sama kuwa, wadda hawaye ke wankewa, mikron 50 da ɗoriya ce kacal. Tun da aka kawo mana na'urar OCT, mai ɗaukar hoton ido ta auna kaurin tantanin da fatarsa, a asibitin idon da nake aiki, na riƙa rubuta jinsin kowa, shekarunsa da lambar tabaransa a gefen awonsa, don in ga wanne ya fi taɓa kaurin.

Kaurin fatar ta sama a maza ya ɗara na mata, amma da mikron ɗaya ko biyu kawai, daidai da abin da masu bincike suka sha samu. Bambanci ne da ba ya sa a canja wa kowa magani. Shekaru ma ba sa taɓa tsakiyar fatar sosai. Gefe-gefe ne ke sirancewa idan girma ya kama, musamman ta sama, inda dama ya fi sirara a kusan kowa saboda murfin ido na shafarsa dare da rana.

Lambar tabarau ce ta fi ruɗin mutane. Wanda ba ya hangen nesa, yawanci ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, tantanin na iya zama lafiya lau. Na auna ɗalibai masu tabarau mai kauri, awonsu ya zo daidai da na wanda bai taɓa sa tabarau ba.

Yanayin da aka yi awon ya fi duk waɗannan juya sakamakon awo. Mutum ya tashi daga barci, tantanin a ɗan kumbure yake, sai ya ɗan jima ido a buɗe ya saɓe. A hunturu ido ya bushe, hoton ya fito da tabo-tabo. Tsofaffi mata kuma ga kwalli yana yawo cikin hawaye. Sai in ce, “Hajiya, ƙifta ido tukuna, to ki kalli ɗigon nan, kada ki motsa.” Sau da yawa awo na biyu ya sha bamban da na farko.

Yanzu taswirar kaurin da na'urar ke fitarwa nake fara dubawa kafin lambar awon. Yaron da ya taso da ƙaiƙayin ido yana murza, tabaransa na canjawa kowace shekara, idan fatar ta sirance a wuri guda ta yi kauri kewaye da shi kamar zobe, alamar tantanin ya fara tsini ke nan, ko da jimillar kaurin ba ta nuna komai ba tukuna.

Sai hawan jinin ido. Na'urar Goldmann da muke auna matsin ido da ita, an gina ta ne kan kaurin wajen mikron 520. Tantani siriri yakan sa ta nuna matsi ƙasa da na gaskiya. Wani babban bincike a Amurka a 2002 ya nuna sirancin tantanin shi kansa alamar haɗarin hawan jinin ido ne, kuma baƙar fata sun fi samun siririn tantani. Saboda haka dattijon da matsin idonsa ya nuna 18, kamar lafiya lau, amma kaurin tantaninsa mikron 490, ba na sallamarsa sai an leƙa jijiyar idonsa an gwada faɗin ganinsa.