Mako Uku Ina Zargin macOS, Ashe Cuta Biyu Ce a Jikin Kwamfutar

Kwamfutar da nake aiki da ita a kan tebur ni na harhaɗa ta da hannuna, ɓangare bayan ɓangare: furosesa Core i7-9700K na Intel, babban allo, wato wanda ake haɗa sauran ɓangarorin a kansa, na zubin Z390, katin hoto Radeon RX 580, da sandunan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda biyu masu gigabait 16 kowace. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa macOS Ventura ce, wadda kamfanin Apple ya fitar a 2022, kuma ba don irin wannan na'ura ya yi ta ba. Masu wannan harka suna kiran irin kwamfutar nan Hackintosh. Abin ya samu ƙofa ne tun lokacin da Apple ya sanar a 2005 cewa zai koma amfani da furosesan Intel, ya kuma fara sayar da irin waɗannan kwamfutoci a 2006, sai kayan cikin Mac da na sauran kwamfutoci suka zama 'yan gida ɗaya. Sai dai yarjejeniyar amfani da macOS ta taƙaita ta ga na'urorin Apple kaɗai, don haka duk wanda ya ɗora ta a kan wata na'ura ya san babu inda zai kai kuka idan abu ya lalace, shi ne mai kaya kuma shi ne mai gyara.

Watanni da dama kwamfutar tana aiki lafiya kafin na ƙara mata katin Wi-Fi da Bluetooth, kuma a wannan buɗewar ce na maye gurbin tsohuwar RAM da sababbin sandunan biyu. Bayan kwana kaɗan matsala ta kunno kai. Idan na sa ta barci sai fankokinta su tsaya na daƙiƙa biyu ko uku, sannan su sake tashi da kansu. Wani lokaci kuma ina tsakiyar aiki sai komai ya daskare, linzami ya ƙi motsi, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, na'urar ta sake tashi daga farko. Da yake alamomin biyu sun bayyana a mako guda, na ɗauke su a matsayin cuta ɗaya, kuma ban yi wata-wata ba na ɗora wa manhajar laifi, tunda ita ce baƙuwa a gidan.

Domin macOS ta yarda ta tashi a kan na'urar da ba tata ba, ana amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna OpenCore, wadda ke zaune a wani keɓaɓɓen sashe na faifai da ake kira EFI. Ita ce ke gabatar da kwamfutar a matsayin wani samfurin Mac, a wurina iMac19,1, ta kuma loda ƙananan direbobi, wato manhajojin da ke sa macOS ta iya aiki da sassan na'urar, waɗanda ake kira kext, irin su Lilu da VirtualSMC da WhateverGreen na katin hoto da AppleALC na sauti. Duk umarninta yana cikin fayil guda, config.plist, mai ɗauke da saituna masu yawan gaske. A makon farko abin da na yi ta yi shi ne laluben cikin duhu a wannan fayil. Na sabunta OpenCore da dukkan direbobin a zama ɗaya, na kunna wasu saituna na kashe wasu, har na ɗauko tsarin da wani mai irin allona ya wallafa na gwada shi. Wata rana na wayi gari kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, kuma na kasa tuna wanne daga cikin sauye-sauye shida ko bakwai na daren jiya ne ya jawo hakan.

Abin da ya cece ni shi ne wani filas da na kwafe ainihin foldar EFI a kansa tun ranar da na gama haɗa kwamfutar. Na tashe ta daga kansa, na mayar da komai yadda yake kafin na fara taɓe-taɓe, sannan na ɗauko littafi da biro na ɗaura wa kaina sharaɗi: sauyi ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta shi da ranarsa da abin da ya biyo baya. Na kuma ƙara kalmomi uku a layin umarnin tashi. Ta farko ita ce -v, wadda ke cire tambarin Apple ta nuna rubutun abin da ke gudana; ta biyu keepsyms=1, wadda ke sa rahoton rikicewa ya fito da sunayen ayyuka maimakon tsurar lambobi; ta uku debug=0x100, wadda ke hana na'urar sake tashi da kanta idan kanel, wato zuciyar manhajar, ya rikice, domin mutum ya samu damar karanta abin da ke kan fuska ko ya ɗauki hotonsa da waya. A nan ne na lura ban taɓa saka SSDT-PMC ba, ƙaramin fayil ɗin da allunan Z390 ke buƙata kafin ma'ajiyar NVRAM ta yi aiki daidai. A wannan ma'ajiya ake ajiye bayanin rikicewa kafin a sake tashi, kuma wannan ne dalilin da ya sa duk tsawon lokacin nan ban ga rahoto ko ɗaya ba sai da na saka fayil ɗin.

Na fara da matsalar barci domin ita ce nake iya tayarwa duk sa'ad da na ga dama. Na buɗe Terminal, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta pmset -g log, na gangara zuwa ƙarshen bayanan, sai ga dalilin farkawa a rubuce, kuma kowane karo suna ɗaya ne: XHC, wato mai kula da kafofin USB. Ita macOS ba ta karɓar fiye da kafa 15 a kan kowane mai kula guda, kuma ramin USB 3 guda ɗaya ana lissafa shi kafa biyu, ɗaya ta tsohon gudu ɗaya ta sabo, don haka allon da ke da ramuka goma ma zai iya zarce adadin. A da akwai saitin XhciPortLimit da ke ɗage wannan iyaka, amma ya daina zama abin dogaro tun daga macOS Big Sur 11.3, saboda haka sai mutum ya zana taswirar kafofinsa da kansa, ya zaɓi waɗanda zai riƙe, ya faɗa wa manhajar ko wace iri ce kowace.

Na yi taswirar tun farko, to amma a lokacin babu katin Bluetooth. Shi wannan kati, ko da yake a ramin PCIe yake zaune, ɓangarensa na Bluetooth yana da wata siririyar waya da ake sokewa a wasu filoli tara da ke ƙasan allo, waɗanda kafar USB 2 ce ta ciki. A taswirata an yi wa wannan kafa lamba 0, ma'ana kafar waje ce da ake sokawa ana cirewa, alhali lambar da ta dace da abin da ke maƙale a ciki dindindin ita ce 255. Duk lokacin da kwamfutar ta kwanta, sai manhajar ta ɗauki motsin wannan kafa a matsayin an taɓa wani abu daga waje, ta farka. Na sake bin ramukan ɗaya bayan ɗaya da manhajar zana taswirar kafofi mai suna USBToolBox, ina soka tsohon filas sannan sabo a kowane rami ina rubuta lambar da ta haska, na gyara lambar kafar Bluetooth, na sake tayar da na'urar. Da na sa ta barci fankokin suka tsaya, fitilar gaban akwatin ta koma ƙiftawa a hankali, kuma haka ta kwana har safe.

Na ɗauka haƙata ta cim ma ruwa. Kwana biyu bayan haka, ina cikin haɗa wani dogon bidiyo, ta sake daskarewa.

Bambancin wannan karo shi ne rubutun rikicewar ya tsaya a kan fuska, kuma bayan na tashe ta na samu rahoton a foldar /Library/Logs/DiagnosticReports. Cikin kwana goma na tara rahoto biyar, na buga su a takarda na jera a gabana. Na farko ya ambaci direban katin hoto, na biyu ya ambaci tsarin adana fayiloli na APFS, na uku ya faru ne a ɓangaren intanet, sauran biyun kuma ba su ambaci kowane direba ba. Na daɗe ina kallonsu ina neman sunan da ya maimaitu, kafin na gane cewa rashin maimaituwar ita ce bayanin da nake nema. Direban da ke da kuskure yakan faɗi a wuri ɗaya ta hanya ɗaya kusan kullum. Idan kuwa yau wannan ne ya faɗi gobe wancan, to abin da suka yi tarayya a kansa ya kamata a tuhuma, kuma abin da kowane aiki a kwamfuta yake takawa shi ne RAM.

Na saka manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 a kan filas, wadda ke tashi da kanta ba tare da macOS ko Windows ba, don haka babu yadda za a ce manhajar ce ta gurɓata sakamakon. Zagaye na farko ya wuce lafiya, a na biyu sai jajayen layuka suka fara fitowa. Na shiga BIOS, wato saitunan babban allo, na duba, sai na tuna na kunna XMP, saitin ƙara gudun RAM, ranar da na saka sandunan, domin su yi gudun 3200 da aka rubuta a kwalinsu. Mutane da yawa ba sa ɗaukar XMP a matsayin tura na'ura fiye da ƙa'idarta, amma hakan ne, domin gudun da Intel ya amince wa wannan furosesa a hukumance shi ne DDR4-2666. Da na sauke gudun zuwa 2666 gwajin ya kammala zagaye huɗu babu kuskure. Na gwada kowace sanda ita kaɗai a 3200, ita ma kowace ta wuce. Ke nan sandunan lafiyarsu ƙalau, haɗuwarsu ce a wannan gudu take kawo tangarɗa.

Sai a lokacin na ɗauko littafin da ya zo da allon, wanda ban sake buɗewa ba tun ranar haɗawa. A shafin RAM akwai zane ƙarara da ke nuna cewa idan sanduna biyu ne a saka su a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa, waɗanda aka yi wa alamar A2 da B2. Na haska tocila cikin akwatin, sai ga nawa a na ɗaya da na uku. A yawancin allunan da ke da rami huɗu, wayoyin kowane layi suna bi ta ramin kusa su ƙare a na nesa, don haka idan aka bar na nesa babu kowa sai saƙon lantarki ya riƙa dawowa daga ƙarshen wayar yana dagula na bayansa, abin da ba ya nuna kansa a ƙaramin gudu amma yake bayyana idan an ƙara. Na cire wayar wuta, na danna maƙallan, na mayar da sandunan inda ya kamata har na ji ƙarar kamawarsu, na sake kunna XMP. Gwajin ya yi zagaye huɗu a 3200, na sake maimaita shi da dare, babu jan layi ko ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwai wani faifai dabam a cikin kwamfutar mai ɗauke da Windows, wanda nake shiga jefi-jefi, kuma a cikin waɗannan makonni ya taɓa nuna mini shuɗiyar fuskar nan ta rikicewa sau ɗaya. Na gan ta da idona, amma ban lissafa ta cikin shaida ba, domin na riga na yanke hukunci cewa matsalar ta macOS ce. A ganina wannan shi ne babban tarkon da ke cikin amfani da manhajar da ba a yi wa na'urarka ba. Tana da wuraren rauni na gaske, kamar yadda batun taswirar USB ya nuna, kuma yawan waɗannan wurare yana sa mutum ya manta cewa a ƙarƙashinta akwai ƙarfe da waya da rami, waɗanda kan samu matsala ko wace manhaja aka ɗora musu. Da na fara da gwajin RAM, wanda bai ci mini fiye da dare ɗaya ba, da na rage wa kaina mako biyu.

Yanzu kwamfutar tana barci tana farkawa yadda ya kamata, kuma na kwafe sabuwar foldar EFI zuwa filas biyu na rubuta ranar a jikinsu. Na tsaya a kan Ventura da gangan, saboda daga macOS Sonoma ta 2023 Apple ya cire direbobin irin katin Wi-Fi na Broadcom da nake amfani da shi, kuma ban shirya sassauta matakan tsaron manhajar don dawo da su ba. Tun 2020 kamfanin ya koma furosesansa na kansa da ya fara da M1, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel, ita ma ba ta haɗa da samfurin iMac19,1 ba. Shawarar da ke gabana ita ce ko in sauya katin Wi-Fi in matsa zuwa macOS Sequoia, ko in mayar da aikina na yau da kullum kan Linux a wannan na'ura, kuma na riga na ware faifai na uku domin fara gwada ta biyun a ƙarshen wata.