Randar da ta tsayar mana da gini a ƙasar Kotoko

A yankin Logon da Shari, can arewacin Kamaru a kan iyaka da Cadi, tudu ya fi kwari tsada, kuma kowa ya san dalili. Ƙasar a shimfiɗe take, baƙar laka ce mai riƙe ruwa, kuma tun ambaliyar 2022 da ta cinye unguwanni a Kusiri da Njamena, duk mai son gini wuri mai ɗan tashi yake nema. Abin da masu sayar da fili ba sa gaya maka shi ne, da yawa daga cikin tuddan nan kufai ne. Mutane ne suka zauna a wurin, gininsu na ƙasa ya zube, 'ya'yansu suka ɗora wani a kai, jikoki suka ƙara, har wurin ya tashi sama da ruwa. Wato in ka zaɓi tudu don gudun ambaliya, sau da yawa kan garin mutanen da ka zaɓa.

Ni ɗan kwangila ne, ƙaramin hannu. Na samu aikin gina ajujuwa a wani ƙauye kudu da Kusiri, kuɗin na masu tallafi ne daga waje amma ta hannun ƙaramar hukuma ya biyo. Muna cikin haƙar tushe, ramin bai kai ƙugu ba, sai mai diga ya ji bakin digarsa ya bugi abin da ba laka ba. Da aka share da hannu sai ga gindin wata ƙatuwar randa a kife, kaurinta ya fi na duk tukunyar da ake ginawa yanzu. Gefenta ya riga ya tsage. Ta tsagar muka hango akwai wata randar a ƙarƙashi, baki da baki, da ƙasusuwa a ciki.

Ba wanda ya tambayi mene ne. A nan ko yaro ya san labarin Sao, mutanen da ake cewa ƙattai ne, waɗanda Kotoko suke ɗauka kakanninsu, waɗanda har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Cadi sunansu take amsawa. An san suna naɗe mamaci su zaunar da shi cikin randa su kife wata a kansa. Gardamar da ta tashi ita ce ta wa ke da abin.

Yaron da ya tono ya ce, "Maigida, rabo ne ya tsaga. In akwai tagulla a ciki ai da ni za a raba." Babban magininmu kuwa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka sa a mayar da ƙasa, a zuba kankare, kowa ya kama bakinsa. In hukuma ta ji, damina za ta same mu a nan." Ba mugun mutum ba ne, lissafin albashin yaransa yake yi.

Da la'asar na tambayi limamin ƙauyen. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan bai shiga rikazi ba?" Ya ce rikazi dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne, kuma hadisi ya ce a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Amma ya ƙara da cewa malaman Malikiyya sun karhanta tone kabarin irin waɗannan mutane don neman abin da ke ciki, kuma abin da muka gani kabari ne, ba taska ba. Wani magatakarda da ya taɓa aiki a kotu shi kuma ya kawo tasa: sashe na 716 na kundin dokokin farar hula da Kamaru da Cadi suka gada daga Faransa ya ce taskar da aka tsinta bisa tsautsayi a filin wani, rabi na mai tsintuwa ne, rabi na mai fili. Yaron nan da ya ji haka har ya fara murmushi.

Duk cikinsu ba wanda ya karanta takardar kwangilar da na sa wa hannu. Ni na karanta, domin ɗabi'ata ce ba na karɓar kuɗin somin aiki sai wani ya bi ni da ita shafi-shafi. A ciki akwai sakin layi kan abubuwan da aka ci karo da su a ƙasa. Ya ce ɗan kwangila ba shi da haƙƙi a kan komai da aka tono a wurin aiki. In abin ya yi kama da na tarihi, sai ya tsaya, ya sanar da injiniyan da ke duba aiki, kada ya gusar da komai sai da izini, wanda ya riga ya fito kuma ya ajiye shi inda ba zai ɓace ba. In ƙashin ɗan Adam ne, a gaya wa hukumar yankin nan take. A ƙarshe ya ce ana iya biyansa abin da ya kashe saboda wannan tsaiko, in ya kawo shaida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na karɓi kuɗin mutane a kan waɗannan sharuɗɗa, maganar rabi da rabi ta mutu ke nan tun kafin a fara ta.

Sakin layin bai yi maganar zinariya ko tagulla ba, kuma wannan ne ya fi ɗaure wa yarana kai. A wurinsu abin tarihi shi ne wanda za a iya sayarwa. A wurin takardar kuwa fasasshen kasko ya shiga, tokar tsohon murhu ta shiga, kashin ƙarfen da maƙera suka bari ya shiga, har layin tsohuwar ganuwa da ba ka gane shi sai ta canjin launin ƙasa. Kuma ba a ɗora wa ɗan kwangila ya tabbatar tsoho ne ba. Ya isa a ce zai iya zama. Mai yanke hukuncin wani ne daban.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne kwanakin da aiki zai tsaya, don a nan ƙananan 'yan kwangila suke karyewa. Dokar kwangilolin gwamnati ta Kamaru, ta 20 ga Yuni 2018, tana cin tarar wanda ya makara: kashi ɗaya cikin 2,000 na kuɗin kwangila a kowace rana har kwana 30, daga nan ya koma ɗaya cikin 1,000, kuma in tarar ta haura kashi 10 cikin ɗari ana iya ƙwace aikin. Agogon nan ba ya tsayawa don ka ga randa. Ba ya tsayawa don injiniya ya ce maka a waya, "Alhaji, ku dakata, muna zuwa." Takardar umarnin dakatar da aiki mai sa hannu da hatimi ce kawai take tsayar da shi. Saboda haka a ranar na rubuta abin da ya faru a littafin aiki, na ɗauki hotuna da awo a gefe, na sa aka kewaye ramin da igiya, na ajiye mai gadi. Washegari na kai wasiƙa ofishin injiniya da na hukumar yanki da na wakilin ma'aikatar al'adu, ko'ina ban fito ba sai da aka buga wa kwafina hatimin karɓa. Wanda ya saba da ofisoshinmu ya san kwafin da ba hatimi a kansa daidai yake da ba ka zo ba.

Manyan kamfanoni masu aiki da yarjejeniyar FIDIC, wato samfurin takardar kwangilar gini ta ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, sun san wannan sarai. A bugun 1999, sashe na 4.24 ya ce duk abin tarihi da aka samu yana ƙarƙashin kulawar wanda ya ba da aikin, ɗan kwangila kuma yana da damar ƙarin lokaci da kuɗin da ya kashe, ban da riba. Amma sashe na 20.1 ya ba shi kwana 28 kacal ya shigar da buƙatarsa, in ya wuce ya rasa. Su suna da lauyoyi masu ƙirga kwanakin. Mu sai dai mutum ya ƙirga da kansa.

Bulaman ƙauyen ya zo da dattawa kafin kowa. Ya tsaya a bakin ramin ya ce, "Ɗana, waɗannan mutanenmu ne. Kada a wulaƙanta su." Na ce, "Baba, ba mai taɓa su sai kuna tsaye." Bayansu wani baƙo ya zo da babur, wai ya ji labari, in an samu 'yan mutum-mutumin laka ko mundayen tagulla yana saye. Na sallame shi. Kayan Sao suna cikin jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na kayayyakin Afirka da aka fi sacewa, kuma Kamaru tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucinsu. Wanda aka kama, ba mai babur za a fara tambaya ba, mai ramin za a tambaya.

Masanin da aka turo daga Marwa bai nuna ɗokin randar kamar yadda muka zata ba. Bangon ramin ya fi tsayawa a kai, yana auna zurfi, yana zana inda baƙar ƙasa ta ƙare ja ta fara, yana tsince gawayi cikin 'yar leda. Ya ce min da an ciro randar an kai masa ofis, da rabin amfaninta ya tafi, domin shekarunta a cikin ƙasar da ta kewaye ta ake karanta su. A nan na gane dalilin da ya sa takardar ta fi tsananta wa gusarwa fiye da komai. Shi ya ba ni labarin tuddan Houlouf, nan kusa da mu, inda Augustin Holl, ɗan Kamaru, ya yi shekaru yana tono, da aikin Jean-Paul Lebeuf da ya fara tun shekarun 1930 a ɓangarorin kogin biyu. Ya kuma ce abin da ya sauya lamarin a ƙasashen nan shi ne bututun man Cadi zuwa Kribi da ke bakin tekun Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070. Saboda sharuɗɗan Bankin Duniya aka sa masana suka bi layin, suka rubuta wurare 472 na tarihi. Wato sakin layin da ke cikin 'yar kwangilata ta ƙauye jikan wancan aiki ne.

An kwashe randunan a gaban dattawa, aka matsar da ginin gabas kaɗan, aka rubuta ƙarin yarjejeniya. An ba ni kwanakina cif. An biya mai gadi da sabuwar haƙa, saboda akwai rasit. Amma mai injin kwaɓa siminti da na yi haya bai san wata randa ba, kuɗinsa na kullum ya ci gaba da hawa, domin yarjejeniyata da shi ta baka ce kuma ba ta yi maganar tsaiko ba. Leburorin da na riƙe da rabin kuɗi don kada su watse, su ma daga aljihuna. Sharaɗin da ke sama bai sauko ƙasa da kansa ba.

Ta ɓangaren tsarin gari kuwa, a ganina akwai giɓi. Dokar kayan tarihi ta Kamaru ta 18 ga Afrilu 2013 ta ce manyan ayyuka sai an fara binciken ƙasa kafin a sa diga. Wannan ya yi wa madatsar ruwa da babbar hanya. Amma aji uku, ko gidan ɗan kasuwa, ko shagunan haya, ta dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 suke bi, kuma a duk izinin ginin da na taɓa nema, tambayoyin na iyaka ne da hanya da magudanar ruwa da ƙarfin gini. Takardar mallakar fili tana gaya maka faɗi da tsawo. Izinin gini yana ba ka damar ɗora bulo. Ba ɗayansu da ke cewa ƙarƙashin wurin babu kowa. Alhali a yankinmu ƙananan gine-ginen nan su ne suke cinye tuddai ɗaya bayan ɗaya, tare da masu ɗibar ƙasar bulo. Da ƙananan hukumomi za su sa alamar sanannun kufai a taswirar amfani da filaye, da mai saye ya san abin da yake saye tun kafin ya biya, kuma da an rage yawan masu zuba kankare cikin dare.

Yanzu kafin in ba da farashi sai na taka filin da ƙafata, in da hali bayan an yi ruwa, lokacin da ƙasa ke wanke fasassun kasake su fito fili. In na ga sun yi yawa, sai in tambayi tsofaffin wurin sunan tudun, don tudun da ke da suna yawanci yana da labari. Kuma ko aikin gidan mutum ne, ina saka layi huɗu a takardar: in an ci karo da kabari ko kayan mutanen da, aiki zai tsaya a wannan gefen, mai gida ne zai sanar da hukuma, ni in rufa masa baya da hotuna, kwanakin tsaiko ba sa cikin wa'adina, kuɗin gadi da na hayar inji a kansa suke. Irin wannan layin nake saka wa mai injin haya da shugaban leburori, don kowa ya san matsayinsa.

Ba kowa ke yarda ba. Wani attajiri da zan gina wa shaguna ya karanta ya ajiye takardar ya ce, "Malam, kai gini na kira ka ko fatan tsiya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, filinka a kan tudu yake, kuma na ga kasake a bakin kwata." Ya soke layukan da biro, ya ce fili nasa ne har ƙasa ta bakwai. Na ƙara kuɗin haƙa yadda zai ɗauki tsaiko in ya zo, ya ce na yi tsada, ya ba wani aikin.