Na je Legas sayen tsohon injin goge ƙarfe

Motar dare na shiga daga Sabon Gari a Kano. Hanyar Mokwa da Jebba kowa ya san halinta, ba sai na ɓata bakina ba. Da muka isa Legas, Agege na nufa wurin kawuna, wanda ya daɗe yana sana'ar hatsi a can. Ko jakata ban ajiye ba ya ce, "Ɗana, ba ka da masauki a garin nan sai gidana, kada in ji zancen otal." Har na baro garin bai bari na biya ko kuɗin shayi ba, kuma ya haɗa ni da yaron shagonsa mai jin Yarabanci ya riƙa raka ni.

Abin da ya kai ni shi ne injin goge fuskar ƙarfe, irin mai tebur da ke kai da komo a ƙarƙashin dutsen wāshi mai juyawa. Masu ƙananan masana'antu a Sharaɗa suna kawo mini ƙarafan huda da na yanka in gyara musu baki, ni kuma kullum sai na kai wa wani ya goge mini. An ce in je Owode Onirin, kasuwar ƙarfe da ke kan hanyar Ikorodu gaba da Mile 12. Na san Panteka a Kaduna, amma injinan masana'antun da suka durƙushe da na gani jibge a nan sun ba ni mamaki, sun kuma ba ni tausayi. Damshin Legas ya ci da yawa daga cikinsu. Mu ƙura ce ke kashe mana inji, su tsatsa.

Inji biyu na samu, dukansu Jones & Shipman 540, ƙirar Lesta ta Ingila, mai tebur inci 18 a tsawo da 6 a faɗi. Na farko an shafe shi da sabon fenti yana ta ƙyalli. Mai shi ya kafa agogon awo, bakinsa na taɓa farantin maganaɗisun da ke riƙe aiki a kan tebur, ya tura tebur daga wannan ƙarshe zuwa wancan, allura ba ta motsa ba. Ya ce, "Malam, ka gani da idonka." To, wannan gwajin ba ya nuna komai idan an goge farantin maganaɗisun a kan injin kansa. In layin da tebur ke zamewa a kai ya lotsa, tebur zai riƙa bin lotsawar, dutse ya goge farantin daidai da ita, allura kuma ta tsaya cik alhali fuskar a karkace take. Na ciro miƙaƙƙiyar sandar awo da na zo da ita na ɗora a kan farantin. Haske ya ɓullo ta tsakiya, har siririn ƙarfen awo mai kaurin milimita 0.05 ya shige ba tare da na tura ba. Da na nemi a ɗaga tebur in ga layin, sai fuskarsa ta canja, ya ce in ba saye zan yi ba in ba shi wuri. A Kano ko ba a daidaita ba, mai kaya zai ce maka Allah ya sa da rabo gaba.

Na biyun yana can bayan wani shago, baƙi ƙirin da tsohon mai. Mai shi dattijo ne, na ce masa, "Baba, a yarje mini in ɗaga tebur." Da kansa ya kira yaransa suka kwance sandar haidurolik, muka ɗaga. Layi biyu ne, ɗaya shimfiɗaɗɗe, ɗaya mai kwari. A masana'anta ana kankare su da hannu, a bar ƙananan tabbai da ke riƙe mai. Waɗannan tabban su ne shaida. A ƙarshen biyu suna nan raɗau, a tsakiya sun dusashe amma ba su ɓace ba. Tsakiya ce ke fara ci saboda yawancin aiki ƙanana ne, a nan ake ɗora su, sai wurin ya riƙa zurfafa kamar tsohon dutsen niƙa. Na bi layin da farce, babu zane mai zurfi, ma'ana garin dutse bai samu shiga ya haɗu da mai ya riƙa cin ƙarfen ba. Na shafa shuɗin awo a jikin sanda na murza a kai, ya kama ko'ina sai wani wuri da bai wuce tafin hannu ba. Wannan ciwo ne mai magani.

Baba ya sa aka mayar da tebur, aka tayar da janareta. Na bar sandar dutsen tana juyawa, na dafa gidan boris, ɗumi kawai, babu kuka babu rawa. Sannan muka jera guntayen ƙarfe biyar a kan faranti, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, muka goge su tare. Bambancin kaurinsu bai kai milimita 0.02 ba. Famfon mai yana yoyo, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne.

Ciniki ya yi daɗi. Na nuna masa lotsawar da yoyon, ya rage, ya haɗa mini da duwatsu biyu da lu'ulu'un gyara bakin dutse. Kuɗinsa bai kai kashi biyu cikin uku na mai sabon fentin ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne masu karɓar kuɗin lodi, da suka tsaya a kaina da tsawa sai ka ce sato injin na yi. Kuɗin ɗaga shi kaɗai, da yake ya haura rabin tan, ya isa a kai shi daga Bompai zuwa Sharaɗa a dawo.

Kawu ya samo mini motar da ta sauke albasa a Mile 12 za ta koma Arewa. Na cire tebur na naɗe shi daban a cikin buhuna, don kada girgizar hanya ta sa ya riƙa dukan layin. Yanzu injin yana shagona, na wanke tankin mai, na fara kankare ƙarshen layin don su sauko daidai da tsakiya. Na kuma ba tela awon rigar tamfol da za a ɗinka masa kafin hunturu ya shigo.