Kifi huɗu na kashe kafin in sayi kwalbar gwaji

Na shekara biyar ina kiwon tarwaɗa a bayan gida kafin idona ya faɗa kan kifin teku, kuma wannan shekara biyar ɗin ce ta cuce ni. Tarwaɗa ba ta da raki. Ruwa ya fara ɗoyi, ka zubar da rabi ka zuba sabo, ta ci gaba da wawar abincinta kamar ba a yi komai ba. Sai na ɗauka kifi dai kifi ne, bambancin kawai gishiri.

Na sayi akwatin gilashi mai cin lita 120, na zuba farin yashi da duwatsu, na haɗa ruwa da gishiri. A rana ta uku ruwan ya yi garau har kana hango ƙwayar yashi ɗaya ɗaya. Ranar na zuba kifi huɗu, irin masu launin lemo da ratsin fari, waɗanda aka kawo mini daga Legas cikin leda. Yara suka kewaye gilashin, maƙwabta ma sai da suka leƙo. A rana ta shida na tarar da su a saman ruwa suna haki, sun ƙi abinci, launin ya dusashe. Kafin kwana tara babu ko ɗaya. Na kira wanda ya sayar mini ina faɗa, wai ya haɗa ni da marasa lafiya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, amoniya nawa ta nuna?" Na yi shiru. Ko kwalbar gwajin ban mallaka ba.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a lokacin. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kafofin numfashinsa da kashinsa, abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. Guba ce, kuma ba ta da launi, don haka hasken ruwa ba ya gaya maka komai. A teku yawan ruwa yana shanye ta. A cikin gilashi kuwa babu mai kawar da ita sai wasu bakteriya da ke zama a jikin dutse da yashi da soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait. Na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da naitirait naitiret, wanda shi ne mai sauƙin illa, kuma canjin ruwa ke rage shi. Sunayen biyu suna kama da juna, na daɗe ina rikita su. Sabon akwati ba shi da waɗannan bakteriya da yawan da za su isa, kuma ba sa gaggawar hayayyafa. Yawanci sai an yi mako huɗu zuwa shida. Ƙari a kan haka, ruwan teku yana zama a pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) 8.1 zuwa 8.4, kuma yadda pH da zafi suka hau, haka amoniya ke ƙara dafi. Wato adadin da tarwaɗa za ta jure, shi zai kwantar da kifin teku.

Karo na biyu na yi yadda ake yi. Babu kifi ko ɗaya. Na jefa ɗanyen jatan lande guda na bar shi ya ruɓe, wasu kuma amoniyar kwalba suke ɗigawa har ta kai 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan, kuma hakan ya fi tsafta, don ɗakina ya yi kwanaki yana ƙarni. Duk bayan kwana biyu in ɗebi ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga magani, in girgiza, in jira minti biyar, in kara da takardar launi a bakin taga. Makon farko ruwan gwajin amoniya ya tashi daga rawaya ya koma kore. A na biyu ya fara komawa rawaya, sai na naitirait ya juya daga shuɗi zuwa shunayya. Nan ne wurin da mutum ke gajiya. Shunayyar nan ta zauna mini kusan mako uku ba ta motsa ba, uwargida tana ta tambaya ko duwatsu na koma kiwo. Sannan wani gansakuka ruwan ƙasa ya lulluɓe yashin, na zaci na sake ɓatawa, ashe abu ne da aka saba gani a sabon akwati, yakan wuce da kansa. Alamar gamawa ɗaya ce: ka sa amoniya, bayan awa 24 ita da naitirait duk su nuna sifili, naitiret kuma ya bayyana. Sai ka canza ruwa mai yawa, ka sa kifi biyu kacal, ka jira mako biyu kafin ƙari.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, don lissafi ne na ɗan firamare. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ma'aunin gishiri kuma ya nuna 1.025 ko 1.026. A Kano, lokacin hunturu da bazara, iska a bushe take, ruwa yana raguwa kullum. Ni kuwa duk ya ragu sai in cike da ruwan gishiri. Ban tsaya na tuna cewa ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan zaune. Da na auna bayan wata guda, na tarar da 1.031. Abin da ya ragu da kansa, ruwa mara gishiri ake mayarwa. Ruwan gishiri sai ranar da ka kwashi wani da hannunka. Yanzu na manna sitika a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum da safe in cike zuwa nan. Ku sayi rifaraktomita, na'urar auna gishiri da ake leƙawa da ido, don ma'aunin roba mai allura yana yaudara idan kumfa ta maƙale masa. Gishirin miya kuma kada ma ku fara, babu kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da ke riƙe pH, sai gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki.

Ruwan kansa ma abin dubawa ne. Na famfo yana iya zuwa da kulorin mai kashe bakteriya, na burtsatse ba ka san me ya kwaso a ƙasa ba. Na taɓa wanke soson matatar ruwan tas a ƙarƙashin famfo don son tsafta, washegari amoniya ta leƙo, na kashe ma'aikatan da na yi wata ina reno. A bokitin tsohon ruwan akwati ake matse shi. Don haɗi da cikewa, ruwan matatar RO, mai cire kusan duk sinadaran da suka narke a ruwa, nake amfani da shi.

Saura wuta. Bakteriyar nan iska suke shaƙa kamar kifin, in aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya awanni a cikin matatar ruwan sai su fara mutuwa, ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Kifin yana son digiri 24 zuwa 27, ɗakinmu kuwa a watan Afrilu kun san yadda yake. Na sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, na haɗa injin da ke zagaya ruwan da inbata, na ajiye injin kumfa mai batir a kusa. Fankar tana ƙara shan ruwa, don haka jarkar cikewa kullum tana gindin teburin, kusa da littafin da nake rubuta lambobin gwaji duk ranar Asabar.