Alhamis, cukun da ya dunƙule

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, kowa ya kwanta, ni kuwa farantin taliyar nan da na ci yau a nan Rum ya ƙi barin raina.

Da la'asar Yaya ta kira ta ce yau ba ta ɗora komai ba, mu haɗu a ɗan gidan abincin nan na bayan layinsu, mai tebur tara. Kawu zai fita aiki ƙarfe huɗu na asuba, don haka muna idar da Isha'i muka taka. Bakwai da rabi suke buɗewa, bakwai da minti arba'in mun zauna. Mu ne na farko. Ku riƙe wannan, akwai maganarsa a gaba.

A Rum Alhamis ranar gnocchi ce, ƙananan curin dankali da fulawa da ake tafasawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Kawu ya ga an rubuta a allo, ransa ya biya, na ce a tsaya a tambayi miyar tukuna. Aka tambaya: haƙarƙarin alade da salsiccia, wato tsiran alade, aka dafa cikin tumatirin. Shi ke nan, ya koma taliya da tumatir zalla. Yaya ta ɗauki arrabbiata, taliya da miyar tumatir mai yaji, don barkononta. Muka ƙara cicoria faranti ɗaya, ganyen nan mai ɗaci kamar shuwaka da suke tafasawa su soya da tafarnuwa da man zaitun.

Ni cacio e pepe na ce, kamar kullum, domin zaɓin ba shi da yawa. Cikin taliyar nan huɗu da Rum ke tinƙaho da su, carbonara da amatriciana da gricia duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade da aka shanya da gishiri. Kuma ba abin tsincewa a ajiye gefe ba ne, kitsensa shi ne man miyar. Cacio e pepe kaɗai ta rage mana: taliya, cukun tumaki, masoro, ruwan dahuwa.

Tun farantin yana hannun yaron da ke kawo abinci na gane. Miyar da ta yi daidai sheƙi take yi, ta lulluɓe kowane sili. Wannan kuwa silin tonnarelli, doguwar taliyar da aka yi shi da ita, tsirara suke, a ƙasan faranti ga wani ruwa tsararo mai ɗigon maiƙo, cukun kuma ya tattare wuri guda. Na sa cokali mai yatsu na juya, wani dunƙule kamar ƙwallon dabino ya biyo shi yana jan zare kamar cingam. Na tauna, sai da ya yi ƙara a haƙorina.

Yaron ya dawo ya ce, "Tutto bene?" Komai lafiya, ke nan. Na ce, "Sì, sì."

Yaya ta ajiye cokali. "Kai da kake wuni a kicin, ka fi kowa sanin wannan ba daidai ba ne. Ka yi magana mana."

"Yaya, a bar shi kawai."

Kawu ya ce, "Ci abinka, yaro. Abin da babu alade a ciki ai ya gama kyau."

Na ci. Amma na san sarai abin da ya faru a kaskon nan, kamar ina tsaye a wurin.

Pecorino romano, cukun tumakin da ake yin cacio e pepe da shi, busasshe ne mai gishiri sosai, wanda ake gogawa sai ya yi aƙalla wata takwas a ajiye, kuma duk da sunansa na nufin na Rum, yawancinsa a tsibirin Sardiniya ake yi. Ba ya narkewa kamar man shanu. Idan zafi ya haura digiri 65, furotin ɗinsa sai ya kama juna ya matse, ya fitar da ruwa da kitse, kuma in ya kama ya kama, ko ka kwana kana juyawa ba zai saki ba. Abin da ke shiga tsakani shi ne sitacin da taliya ta zubar cikin ruwan dahuwa. Nan ne zuwanmu da wuri ya cuce ni. A gidan abinci tukunyar taliya ɗaya ce, kwanduna ake tsomawa ana ɗagawa, kuma ruwan sai an dafa faranti da yawa a cikinsa yake yin fari ya yi kauri kamar ruwan wankin shinkafa. Bakwai da minti arba'in garau yake. Ludayin da aka ɗebo aka zuba wa cukuna tafasasshen ruwan gishiri ne kawai. Sai a haɗa da kaskon da bai huce ba: daga kan wuta aka watsa cukun, ko kuma aka mayar da kaskon wuta bayan an zuba. Da ɗayansu ne kaɗai, da wataƙila an sha. Biyun tare babu makawa.

A gida ga yadda ake kauce masa. Taliya gram 100 ga mutum ɗaya, cuku gram 60 zuwa 70, a goga shi da ƙananan idon magogi ya fito kamar gari, kuma a fitar da shi daga firij da wuri. Ruwan dahuwa rabin wanda aka saba, wato rabin lita a kan gram 100, don sitacin ya taru. Gishiri ma rabi, cukun ya ɗauko nasa. Masoro ƙwayoyinsa za a gasa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a dandaƙa a turmi ba lukui ba, a mayar kasko da ludayi ɗaya na ruwan taliya. Wani ludayin kuma a ɗebe shi a kofi ya sha iska, sai yatsa na iya taɓawa ya janye, sannan a dama cukun da shi kaɗan-kaɗan har ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. A tsame taliya saura minti biyu ta nuna, ta ƙarasa cikin ruwan masoro. A kashe wuta, a sauke kasko, a ƙirga minti ɗaya cif. Wannan mintin shi ake tsallakewa in ana sauri. Sannan a zuba damammen cukun ana juyawa ba tsayawa, in ya yi kauri a ɗiga ruwa.

Wasu masana fiziks 'yan Italiya sun auna abin, suka buga a mujallar Physics of Fluids a 2025, har ya ci musu kyautar Ig Nobel, wadda ake bayarwa ga binciken da ke sa dariya amma ya sa tunani. Suka ce sitacin ya zama kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin cuku: gram 5 na sitacin masara ko na dankali a ruwa gram 50, a ɗora har ya yi kauri ya washe, ya huce, a haɗa da cuku gram 200. Talge ne dai. Tsofaffin masu dafa abinci na nan suna jin haka su yatsine fuska, amma yana aiki, kuma da an ajiye ɗan kwanonsa a kicin ɗin nan da faranti na farko ya fito kamar na talatin.

Cicoria ta yi daɗi. Yaya ta nemi ƙarin barkono, aka kawo mai ja a ɗan kwalba.

Takardar lissafin kuɗi sai ka nema suke kawowa. Yuro 12 tawa, ruwa 2.50, burodi 4.50. Dokar 2006 ta yankin Lazio, inda Rum take, ta hana cajin coperto, kuɗin zama a tebur, sai ya dawo da sunan burodi. Kawu ya hana a raba, ya biya duka.

Ban gaya wa Yaya dalilin shiruna ba. Kujerata tana kallon tagar kicin, kuma na ga mai riƙe da kaskon. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, da alama ɗan Bangaladash, sabon shiga, don har yanzu yana waiwayen inda ake rataye ludayi. Mai gidan na tsaye a bayansa hannu a ƙugu. Farantin da aka mayar, ba mai gidan ne zai sha faɗansa ba. Kalma uku ce ta rage masa, sauke kaskon tukuna, kuma babu hanyar da za ta kai masa su sai ta bakin wanda ke tsaye a bayansa. Yanzu ina tunanin da na tsaya a ƙofar baya, inda suke fitowa shan iska wajen sha ɗaya. Kawu na jin barci, muka wuce.

Gobe ina da aikin safe. Wayar Inna ba ta shiga ba, sai Asabar. Akwai ragowar pecorino a firij, wajen gram 80, na fitar da shi na ajiye a kan tebur.