Wasiƙa daga Birazil: yadda ake tayar da kurmin da ya mutu, da batun bakin Binuwai

Assalamu alaikum 'yan uwana na Garwa da Marwa da Ngaundare, da na tsallaken Logon a Cadi. Ina gaida iyaye da malamai, da fatan kowa yana lafiya, iyali da gona da dabbobi.

Karatun gandun daji ne ya kawo ni jihar Sao Paulo. A gida in aka ce Birazil, wanda bai tuna ƙwallo ba zai tuna Amazon. To dajin da zan ba ku labari wani ne daban, kurmin da ya bi gaɓar tekun Atlantika. Kafin Turawan Fotugal su sauka a 1500, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya, ya ninka Kamaru sau biyu har da ɗori. Aka bi shi da gatari da wuta, don itacen rini, don rake, don kofi, daga baya don kiwon shanu. Abin da ya rage yau, ko a lissafi mafi sassauci, bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, kuma yawancinsa gutsattsari ne da ba su kai hekta 50 ba, kowanne a tsakiyar gonaki.

Ba son tsuntsaye ne ya fara sa mutanen nan dashe ba, ƙishirwa ce. Tsaunukan da ke bayan Rio de Janeiro an aske su tas an shuka kofi, sai ƙoramun da birnin ke sha suka soma ƙafewa. A 1861 sarki Pedro na biyu ya sa a mai da daji wurin. Wani hafsa, Manuel Archer, ya jagoranci aikin, amma hannuwan da suka haƙa ramukan na bayi ne 'yan tsiraru, baƙar fata irinmu, kuma cikin shekara 13 sun dasa wajen itace 100,000. Shi ne dajin Tijuca na yau, inda ƙaton mutum-mutumin Yesu na kan dutse yake. Baƙo ya shiga zai rantse ba a taɓa sa masa gatari ba.

Abin da malamanmu ke nanata mana a fili shi ne, ranar dashe ita ce mafi sauƙi a aikin duka. Wahalar tana shekara biyu zuwa uku na bayanta. Babbar abokiyar gaba ciyawa ce da aka kawo daga Afirka don shanu, wadda ke shaƙe ɗan itace kafin ya ɗaga kai, da rani kuma ta bushe ta zama abincin wuta. (Har gambarmu an kawo ta, a tsakiyar ƙasar nan ta zame musu ƙarfen ƙafa.) Ga wata tururuwa mai yankan ganye, da kan tsige dashe cikin dare ɗaya. Ga shanu, masu tozo kamar namu, da sai an yi musu shinge. Saboda haka mai aikin ƙwarai kafin ya sayi ɗan itace ko ɗaya sai ya zagaya filin ya duba: akwai kututture masu rai? Akwai sauran daji kusa? In akwai, shinge da kashe ciyawa da tare wuta sun isa, tsuntsaye da jemagu su ne za su kawo iri, kuma kuɗin bai kama ƙafar na dashe ba. Sai inda ƙasa ta mutu murus ake dasawa, a fara da itatuwa masu saurin girma su yi inuwa, ciyawar ta mutu da kanta, masu jinkiri su taso a ƙarƙashi.

Akwai wani ɗan biri a jihar Rio, launin zinariya, mai geza kamar zaki, bai kai kilo ɗaya ba. A shekarun 1970 kimanin 200 suka rage a daji. An keɓe masa gandu a 1974, daga 1984 aka riƙa sako waɗanda aka haifa a gidajen namun daji na ƙasashen waje. Amma gandun gwamnati ya yi kaɗan, dole aka je aka zauna da masu gonaki, aka nemi su karɓi birai a ragowar dajinsu, su kuma yarda a dasa layin itatuwa daga wannan guntu zuwa wancan, don dangi su riƙa haɗuwa. Har gada aka gina musu a kan babbar hanyar mota, aka dasa itatuwa a kanta. Cutar shawara ta kashe musu wajen kashi ɗaya bisa uku, duk da haka ƙidayar da aka fitar a 2023 ta ba da kusan 4,800. Ni dai da na ji wannan, karkanda na tuna. Irin tamu ta yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe, aka neme ta a 2006 ba a gani ba, a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya.

To me manomi ya samu? Wannan ce tambayar da ta fi damuna, don talaka ba zai ci kukan tsuntsu ba. Dokar daji ta 2012 ta wajabta wa mai gona barin itatuwa a bakin rafi, mita 30 kowane gefe in rafin ƙarami ne, da mita 50 kewaye da idon ruwa. Doka kaɗai ba ta taɓa tsirar da itace ba. Wata ƙaramar hukuma mai suna Extrema, a jihar Minas Gerais, ta yi tata dokar a 2005: manomin da ya yarda aka kewaye idon ruwansa aka dasa, ana biyansa kuɗi a kai a kai, domin ruwan da ke fita daga gonarsa yana cikin wanda Sao Paulo ke sha. A wasu wuraren mata da matasa ke tara irin itatuwan daji suna sayarwa, wasu na renon dashe, wasu na noman kofi a inuwa.

Kada ku ɗauka aljanna nake. Ƙasar da ke dasa a nan ita ce ke sare daji a can don waken suya da shanu. Kuma akwai masu jera itacen turare dubbai, iri ɗaya, don kamfanin takarda, su ce sun yi daji. Shiga ciki ka ji ko akwai motsin wani abu mai rai.

Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da kurmi? Gaskiya ne, ruwan Garwa bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba a shekara, na Marwa bai kai haka ba, rani kuma ya fi rabin shekara. Itacen nan ba zai rayu a can ba, kada ma wani ya kawo mana shi. Amma muna da namu kurmin, siriri, a bakin kowane mayo, wato rafi, inda maɗaci da kanya da tsamiya ke tsaye, da kuma kan tudun Adamawa inda Binuwai ke tasowa. Shi ke riƙe gaɓa, shi ne hanyar namun daji tsakanin gandun Faro da na Binuwai da Buba Njida, can makiyayi ke samun ganye da ruwa a watan Afrilu. Kuma shi muke ci daga kowane gefe: gawayi, sabuwar gonar auduga, ramin zinariya. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga gaɓar da aka aske, tafkin Lagdo take zuwa ta kwanta.

Kamaru ta yi alkawari a 2017 za ta farfaɗo da hekta miliyan 12 kafin 2030. Shirin dashen itatuwa na Sahel Vert tun shekarun 1970 muke jin sunansa, aka sake tayar da shi a 2008, kuma darbejiyar da muke fakewa a titunan Marwa shaida ce cewa dashe na kamawa in an kula. Abin da ke ba ni takaici shi ne bikin dashen da ake yi da manyan baƙi da masu hoto, kowa ya watse, kamar a yanka ragon suna a bar jariri ba mai reno. Hani tsagwaronsa ma mun ga iyakarsa: da Cadi ta haramta gawayi a ƙarshen 2008, matan Njamena ne suka sha wuyar neman abin hura wuta.

Alhali dabarar da ta yi aiki a Extrema ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1990, ta wani shiri ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton, an riƙa ba manomi ɗan kuɗi a kan kowane ɗan gawo da ya bari ya girma a gonarsa, gonaki da yawa suka cika da gawo. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba dashe suka yi ba, tohon kututture suka riƙa gyarawa, har itatuwa suka dawo a hekta wajen miliyan 5. Sun yi ne saboda sun tabbata itacen da suka rena nasu ne.

Roƙona ga masu martaba lamiɓe, ranku ya daɗe, da lawanai da jauro-jauro da magadan gari: a auna tazara a bakin mayo da ba za a nome ba, a bar wa makiyayi mashayarsa da burtalinsa a cikin tsarin tun farko, a kuma faɗa a gaban jama'a wa ke da ganye, wa ke da 'ya'ya, wa ke da reshen da aka sassabe. Duk wanda ya zo ƙauyenku da motar dashe, ku tambaye shi wa zai ba itatuwan ruwa a Maris, wa zai tare wuta a Disamba, kuma nawa za a biya shi.

Ku gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan uwanku, daga Sao Paulo