Abin da na kwaso daga aikin Dumfries

Tunda an sa wa kundina hannu, yanzu bakina ya buɗe. Ku da muka zauna sashe ɗaya kun san wanda ya duba ni, ba sai na kama suna ba.

Aikina a kan gidan 'yan zuhudun ɗariƙar Faransiskan ta Kiristoci ne na garin Dumfries a kudancin Sikotland, inda Robert Bruce ya soke abokin hamayyarsa John Comyn har lahira a cikin coci ranar 10 ga Fabrairu 1306, kafin a naɗa Bruce sarkin Sikotland a Scone bayan mako shida. Ginin babu shi yau. In ka hau layin Friars Vennel daga bakin kogin Nith, shaguna za ka tarar, sai wani ɗan allo a jikin bango da ke nuna wurin. Mai binciken gidan da ko bango bai rage ba, takarda ce kawai madogararsa.

A nan muka saɓa da malam. Ya dage sai na rubuta cewa a wannan gida masanin tauhidin nan John Duns Scotus ya shiga ɗariƙa, wai haka magabata suka rubuta. Na bi sawun maganar, littafi ya miƙa ni ga littafi, har ta dire a kan Marianus Brockie, wani ɗan zuhudu na ƙarni na 18 a Regensburg ta Jamus wanda masana suka daɗe da kama shi da ƙirƙirar takardu. Kwanan watan farko da aka tabbatar a rayuwar Scotus shi ne naɗa shi limamin coci a Northampton ta Ingila a 1291. Na kai wa malam wannan da ladabi. Ya ja jan biro a shafi biyu, ya rubuta a gefe cewa ɗalibi ba ya gyara wa manya. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na cire, don hannunsa nake jira.

Ranar taron ƙara wa juna sani ina zaune a layin baya ya karanta hujjata, har da jerin littattafan yadda na jera su, a matsayin abin da ya gano. Aka tafa masa. Da muka haɗu wajen shayi sai ya tambaye ni ko na ƙaru.

Saboda haka ƙanne, duk abin da kuka tono ku tura ta imel mai kwanan wata, ku sa wani malamin a kwafi. Ba don faɗa ba.

Sauran kuwa: labarin kisan Comyn ya danganta da mai bayarwa, marubutan Ingila sun ce Bruce ya shirya kisan, na Sikotland sun ce Comyn ne ya fara cin amana, ku karanta duka. Ku koyi Latin da wuri. Ma'aikatan ɗakin adana takardu sun fi wasu farfesoshi sani, ku riƙa gaishe su. Shafukan nan biyu suna nan a kwamfutata, da kwanan watansu.